Mahaifinmu likita ne ya rasu, ta ina za mu fara da abin da ya bari?

Wata baiwar Allah ce ta turo tambaya daga Kawo. Ta ce mahaifinsu likita ne, wata biyar kenan da rasuwarsa, ya yi aikin gwamnati har ya yi ritaya sannan ya ci gaba da ƙaramin asibitinsa na kuɗi har ciwon ajali ya kwantar da shi. Ya bar asibitin da ma'aikata a ciki, ya bar ɗaki guda cike da takardu da littattafai, kuma duk cikin 'ya'yansa babu wanda ya karanci likitanci. Yayyenta maza suna so a kama wuri a yi taro a buga mujalla da kalanda, wasu kuma na cewa a buɗe gidauniya da sunansa, ita dai ta rasa ta ina za a fara.

Toh 'yata, Allah ya jiƙan Baba ya gafarta masa, ya sa jinyar da ya sha ta zama kaffara, ku kuma Allah ya ƙara muku haƙuri. Ni ma likita ne, a nan Kaduna na yi mafi yawan aikina, kuma da kawuna ya rasu, wanda shi ma likita ne kuma shi ya ɗora ni a kan wannan hanyar, ni dangi suka ɗora wa tattara abin da ya bari. Don haka zan faɗa miki yadda abun yake ta ɓangaren aiki da kuma ta ɓangaren gida.

Maganar taro da gidauniya ku ɗan jingine ta tukunna, ba inda za ta je. Akwai abin da ya fi su gaggawa, wanda in kuka yi sakaci da shi zai iya ɓata sunan nan da kuke son ɗaukakawa. Yau ɗin nan in da hali, ki je ki nemo sitam ɗinsa da takardun asibiti masu ɗauke da sunansa a sama, da takardun rubuta magani da na shaidar lafiya da ba a cike ba, ki kulle su a gida. Sitam ɗin likita kuɗi ne a wajen marasa tsoron Allah, da shi ake buga takardar hutun rashin lafiya ta ƙarya, da shaidar lafiya ta neman aiki, har da shaidar mutuwa, a mayar da kwanan wata baya a ce shi ya sa hannu. Ku rubuta wa hukumar MDCN mai yi wa likitoci rajista ku sanar da ita rasuwar tare da lambar rajistarsa, ku sanar da reshen ƙungiyar likitoci ta NMA na jiha, daga nan sitam ɗin a lalata shi kawai, ba abin ajiyar tarihi ba ne.

Sai kabad ɗin magani. Kusan duk asibitin da ake tiyata ko karɓar haihuwa za ki samu wani ƙaramin kabad mai makulli daban, a ciki akwai irin su pethidine da pentazocine da diazepam, wani lokacin har morphine, da littafin da ake rubuta shigarsu da fitarsu. Waɗannan ba a rabon gado da su, ba a sayar wa mai kemis na bakin layi, ba a kuma zuba su a bola, kin dai san halin da matasanmu ke ciki da shaye-shaye a garin nan. Ku samu ƙwararren mai harhaɗa magani mai lasisi ya ƙirga su a gaban mutum biyu daga cikinku a rubuta, shi zai nuna muku yadda ake miƙa su da waɗanda suka lalace ta hannun NAFDAC.

Shi kansa asibitin, nan ne na fi ganin iyalai suna faɗawa rami. Gini gado ne, gadaje da injina da janareto gado ne, amma lasisin duba mara lafiya ba a gadonsa, na mutum ɗaya ne kuma duk shekara yake sabunta shi, ranar da ya rasu ya tafi da abinsa. Rajistar asibitin a ma'aikatar lafiya ta jiha ma a kan cewa akwai likita mai lasisi da ke kula da wurin aka ba da ita. Abin da ke faruwa shi ne, akwai wani ma'aikaci da ya daɗe tare da marigayi, ya ga an yi tiyatar ƙaba ba adadi, ya iya ɗinki ya iya sa ruwa, mutanen unguwa ma dama likita suke ce masa, sai iyali su ce ai wane ya san komai bari ya ci gaba da riƙewa kafin a ga abin da Allah zai yi. Wallahi kar ku yarda. Ranar da mace ta zubar da jini ta mutu a hannunsa, allon da ke ƙofa sunan Baba ne a jiki, kuma ku magada za a nema. Ko dai ku ba wani likita haya da yarjejeniya a rubuce ya mayar da rajistar da sunansa, ko ku sayar, ko ku rufe cikin mutunci, a biya ma'aikata albashinsu da haƙƙinsu, wanda shi ma bashi ne a kan mamaci kuma kin san bashi ake fara fitarwa kafin wasiyya kafin gado. Masu hawan jini da ciwon suga da farfaɗiya da suka saba karɓar magani a wurinsa duk wata kuma a rubuta musu takarda a tura su wani wurin, kar su zo su tarar da kwaɗo a ƙofa su koma gida su zauna.

Yanzu ɗakin takardun. Ki raba su gida biyu a ranki tun kafin ki taɓa, akwai nasa akwai na mutane. Fayil ɗin marasa lafiya da katunansu da sakamakon gwaji da hotunan ƙashi, duk amana ce aka ba shi, kuma mutuwarsa ba ta sauke amanar ba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ma ta hana fitar da bayanin mara lafiya ba da izininsa ba. A cikin fayilolin nan akwai wanda gwajin ƙanjamau ya nuna yana da shi, akwai magidancin da aka gaya wa matsalar rashin haihuwa daga gare shi take ba daga matarsa ba, akwai yarinyar da aka rufa wa asiri yanzu tana ɗakin mijinta da 'ya'yanta, kuma Kaduna duk girmanta kowa ya san kowa, kina buɗewa za ki ci karo da sunan maƙwabci ko suruki. Kar ki karanta, kar ki bar yara su karanta, kuma don Allah kar a sayar wa masu awon takarda, don ƙarshenta a ciki za a ƙunsa wa wani ƙosai. In wani likita ya karɓi asibitin su zauna a hannunsa, in rufewa za a yi a sanar da mutane mai son nasa ya zo ya karɓa, sauran ku nemi shawarar ma'aikatar lafiya kan tsawon lokacin da za a ajiye kafin a ƙona. Haka wayarsa da kwamfutarsa, likitoci muna da ɗabi'ar ɗaukar hoton ciwo ko na aikin tiyata, kuma mutane na turo mana hotunan da ko 'yan uwansu ba za su nuna wa ba ta WhatsApp, kar wani ya ɗauka ya sa a Facebook wai yana nuna irin aikin da Baba ya yi.

Manyan littattafan karatun kuma kar ki wahalar da kanki da neman laburaren da zai karɓa, yawancinsu zamani ya wuce su. Littafin da aka buga a shekarun 1980 zai ce miki chloroquine ne maganin zazzaɓin cizon sauro, alhali tun 2005 Najeriya ta sauka daga kansa, ɗalibin da ya karanta wannan ya shiga jarabawa kin cuce shi. Ki ware waɗanda ya yi rubutu da hannunsa a gefen shafi, su ne masu daraja a wurinku.

Nasa na kansa su ne dukiyar: takardar ɗaukar aiki, takardun canjin wurin aiki, na ƙarin girma, hotunan makaranta, wasiƙu, diyarin da yake rubutu in yana da shi. Ki jera takardun canjin wurin aikin nan bisa shekara, za ki ga rayuwarsa ta fito da kanta. Ki kuma tuna har zuwa 1987 Katsina a cikin jihar Kaduna take, kafin 1976 ma sunan jihar Arewa ta Tsakiya, don haka in ya fara aiki a wancan lokacin kar ki yi mamaki ki ga Funtua ko Malumfashi ko Daura a ciki, kuma a can za ki samu waɗanda suka san shi yana saurayi. Ki ɗauki hoton kowace takarda da waya ki tura wa 'yan uwa kowa ya ajiye, don gara da ɗigon ruwan damina ba su san takarda mai muhimmanci ba. In ya riƙe wani babban muƙami ko ya bar rubuce-rubuce masu yawa, ga cibiyar tarihi ta Gidan Arewa nan a kan titin Rabah, ga kuma ma'ajiyar tarihi ta ƙasa reshen Kaduna, ku je ku yi magana da su, aikinsu kenan.

Amma takarda rabin labari ce. Sauran rabin yana bakin mutane, kuma mutanen nan tsofaffi ne, wannan shi ne abu na biyu da ba ya jira. Kar ki tsaya a kan manyan abokansa farfesoshi, su za su ba ki jawabi mai kyau irin na taro. Ki nemi tsohuwar nas ɗin da ta yi aikin dare da shi, da ungozoma, da mai ba da kati, da direban motar asibiti, da lebura mai tura gado, da maigadi. Ki je har gida ki gaishe su da ɗan abin hannu, ki nemi izini ki kunna rikoda a waya. Kuma kar ki ce wane irin mutum ne, don amsar ɗaya ce, mutumin kirki ne Allah ya jiƙansa, shikenan an rufe. Ki ce Mama wane dare ne ba za ki manta ba a aikinku da shi, me ke sa shi faɗa, wa ya taɓa kora kuma me ya yi, me yake ci in tiyata ta yi tsawo.

Ni da irin wannan tambayar na san kawuna, mutumin da na zauna a gidansa na kuma yi aiki a ƙarƙashinsa. Abin da na sani a da shi ne abin da kowa ya sani, ya yi karatu a ABU Zariya a shekarun 1970 lokacin makarantar likitancin tana sabuwa, don a 1967 aka buɗe ta, asibitin koyarwar kuma a warwatse yake tsakanin Zariya da Kaduna da Malumfashi, sai 2005 aka tattara aka koma Shika kusa da Zariya. Ya yi asibitocin karkara inda shi kaɗai ne likita, shi ne na yara shi ne na mata shi ne mai tiyata, in NEPA ta ɗauke wuta a haska masa tocila ya ƙarasa. Da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP ya zo a 1986 albashi ya zama ba ya kai wata, abokansa da yawa suka tafi Saudiyya, ni ban ga laifinsu ba ko kaɗan kowa da nauyin da ke kansa, shi dai bai tafi ba, daga baya ya buɗe ɗan asibitinsa a Tudun Wada. Wannan duk za a iya rubutawa a mujalla. Amma wata tsohuwar nas ce ta ba ni labarin sanƙarau na 1996, annobar da ta kama mutum sama da 100,000 a ƙasar nan ta kashe sama da 11,000 galibi a Arewa. Ta ce gadaje sun ƙare har a baranda da gindin bishiya ake shimfiɗa tabarma, ana rataye ledar ruwa a jikin reshe, allurar chloramphenicol mai maiƙon nan tana da kauri sai ka danna da ƙarfi, har babban yatsansa ya kumbura ya naɗe shi da filasta ya ci gaba. Ta ce kuma a cikin wannan halin ya tsaya ya wanke ta tas a gaban mutane saboda ta bar wani yaro kwance a rana, ta yi kuka ta yi fushi da shi na kwanaki, bai taɓa ba ta haƙuri da baki ba, sai dai ya aiko mata da shayi da burodi. Kawu kenan, ga zafin rai ga tausayi, kuma da ta rufe min zafin ran da ba shi ta ba ni labari ba. Ke ma in an faɗi inda Baba yake da tsanani ki rubuta, jikokinsa mutum suke so su sani.

Abin da ya fi komai amfani a cikin kayansa kuwa wani dogon littafi ne mai baƙin bango, littafin bashi. Suna, unguwa, abin da aka yi wa mutum, kuɗin da ya rage. Wasu an rubuta an biya, wasu kuma an ja musu layi da jan biro babu wani bayani. Akawunsa ya ce min duk mai jan layi Likita ne ya ce a bar shi, kuma ya hana a gaya wa kowa har iyalinsa. Na lura jan layin ya yi yawa sosai daga lokacin da masaƙun Kakuri suka fara durƙushewa magidanta suka rasa aiki, na kuma lura kusan duk iri biyu ne, matan da aka yi wa tiyatar haihuwa cikin dare da yara masu sikila da aka ƙara wa jini. Kinga ba sai mun zauna muna ta shawarar me za mu yi masa ba, shi da kansa ya riga ya nuna inda zuciyarsa take. Abin da muke yi har yanzu shi ne 'ya'ya da mu 'yan uwa kowa na sa abin da ya sawwaƙa duk wata, mutum biyu ke riƙe da lissafi, ana biyan kuɗin jini da kayan tiyatar haihuwa ga wanda ya gaza a wani asibitin gwamnati, ta hannun ofishin walwalar marasa lafiya, a karɓi rasit. Ba allo ba taro.

Ki nemi irin wannan littafin a kayan Baba, in babu ki tambayi mai karɓar kuɗi su wa yake cewa a ƙyale. Sai dai a kula da hukunci a nan, bashin da shi ya yafe da ransa ya yafu, wanda bai yafe ba kuwa ya zama haƙƙin magada, babba zai iya yafe rabonsa amma babu mai ikon yafe rabon maraya ƙarami. Haka kuɗin sadaka ko na gidauniya, ba a ɗiba daga dukiyar da ba a raba ba sai in ya bar wasiyya, ita ma ba ta wuce sulusi. A raba gado tukunna a gaban malami ko kotu, sannan kowa ya kawo daga nasa da daɗin rai. Na ga gidan da aka yi shekaru ba a ga maciji saboda babban wa ya yanke shi kaɗai cewa ginin asibiti ya zama waƙafi.

Gidauniya mai rajista ba laifi ba ce, amma ku san akwai rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC da amintattu da asusun banki da rahoton da ake kaiwa duk shekara, kuma yawancin waɗanda na gani shekarar farko ake rabon shinkafa a ɗauki hoto, ta biyu a yi shiru, ta uku ko lambar wayar ba ta shiga. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ku fara da ƙaramin abin da za ku iya ɗorewa a kai, in ya yi shekaru yana tafiya ya girma sai a yi masa rajista. Hadisin da kowa ya haddace ya ambaci sadaka mai gudana da ilimi mai amfani da ɗa nagari mai addu'a, toh a gudanar ake samun matsala. In ɗaukar nauyin ɗalibi kuka zaɓa ku tuna likitanci shekara shida ne in ba yajin aiki, kar ku ɗauki yaro ku sake shi a aji uku, in ƙarfinku bai kai ba ga makarantar nas ta Kafanchan ga ta koyon aikin lafiya ta Makarfi, karatun ya fi gajarta kuma ƙauyukanmu sun fi jin rashin ungozoma fiye da rashin babban likita. Akwai kuma hukumar KADCHMA ta inshorar lafiya ta jiha, ku je ku tambayi yadda ake biya wa wani na shekara, sai ku zaɓi wasu daga cikin tsofaffin marasa lafiyarsa da ba su da hali.

Sa suna a jikin gini kuwa, ki tsaya a ƙofar asibitin Barau Dikko ki tambayi masu shiga waye Barau Dikko. Mutumin nan shi ne likita na farko ɗan Arewa, haifaffen Wusasa a 1912, ya yi karatu a Birmingham ta Ingila, yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, ya rasu a 1977, amma yawancin masu karɓar kati a wurin sunan asibiti kawai suka sani. In nasa ya zama haka, ina ga kalandar da za a cire a bango in shekara ta ƙare. Ban ce yayyenki su fasa taro ba, su ma kewa ce ke damunsu kuma kowa da yadda yake fitar da tasa, amma ki ba su shawara a rage kuɗin wuri da na abinci, a gayyato tsofaffin ma'aikatan nan a ba su dama su yi magana, mujallar kuma a bari sai kin gama tattara hirarrakin, ta yadda abin da za a buga zai zama labarinsa ne ba saƙonnin ta'aziyya na manyan mutane ba. Kuma ki fara hirar da mahaifiyarku tunda ta fita takaba, a hankali ba a zama ɗaya ba, ita ta san sau nawa aka buga ƙofa ƙarfe biyun dare da abin da yake cewa in ya dawo mara lafiya ya mutu a hannunsa.

Layin wayarsa kar ku bari ya mutu yanzu. Za a ci gaba da kira har shekara ta zagayo, wasu daga ƙauye ba su ma ji rasuwar ba, wani zai kira ne matarsa na naƙuda. Ku ba mutum ɗaya mai haƙuri ya riƙe, ku rubuta masa sunan likitan da ya karɓi marasa lafiyar da asibitin gwamnati mafi kusa, ya sanar da mai kira rasuwar ya kuma gaya masa inda zai nufa, amma kar ya kuskura ya faɗa wa kowa sunan magani ko da ya ji Baba na faɗa sau dubu.